Bindigar Tankari

Shekara arba'in ta kwana ƙarƙashin gadon ƙarfe,
naɗe cikin bargon soja mai warin kananzir.
Tankari, ubana, ya dawo da ita
daga yaƙin da ba nasa ba,
ita da tari, da lambar tagulla,
da fansho mai zuwa in ya ga dama.
Bai taɓa ce mana ta ci mutum ba.
Mu ma ba mu tambaya ba.

Da aka raba gado,
yayana ya ɗauki gonar Koloma,
ƙanwata ta kora awaki,
ni aka miƙo mini bargo.

Na kai ta rumfar Arzika, nan bayan kasuwar Tawa,
mai gyaran keken ɗinki da kwaɗon da ya ƙi makulli.
Ya ɗaga ta, ya leƙa cikinta da hasken hantsi
kamar dillalin raƙumi na duba haƙora.
"Ƙarfen da sauran rai," in ji shi,
"icen ne gara ta yi wa sallama."

Wata uku yana sassaƙa ƙirya.
Ya auna kafaɗata da igiya,
ya auna kuncina,
abin da tela bai taɓa yi mini ba.
Madubin hange ya zo daga Yamai cikin kwalin sabulu,
ya ci buhun albasa tara.
Takardar izini ta ci biyu,
da hoto, da dawo-gobe sau bakwai.
Sa'ade ta ce, "Kai da zare ke wa gardama a kafar allura,
me ka ajiye a bayan tudu?"

Muka fita faƙo da murfin langarta,
muka jingine shi ga dutse, taki ɗari huɗu.
Halbin fari ya tafi gaida sabara.
Na biyu ya tsaya hanya, ya tona ƙasa.
Arzika ya murɗa, ya tofa, ya murɗa.
"Harsashi ma matafiyi ne," in ji shi,
"yana gajiya, yana sunkuyawa,
iska ta ja shi da hira ya ratse hanya.
Ka sallame shi sama da inda kake so ya sauka.
Kuma daina numfashi kamar jaki a gangare."
Na tara ne ya ce ƙwal.
Sai da na ga murfin ya faɗi kafin ƙarar ta iso.

Kwana uku na yi arewa da Abalak ina neman barewa.
Na ga leda baƙa a kan ƙaya.
Na ga sawun mota.
Rana ta uku, da la'asar, wani abu ya motsa can nesa,
ja-ja, tsakanin tudu da tudu.
Na kwanta. Na riƙe numfashi yadda aka koya mini.
Yatsa ya sami wurinsa shi kaɗai.

Madubin ya jawo shi har gaban hancina:
yaro ne, da jar riga,
ya duƙa yana cire ƙaya daga diddige,
harshe a waje don ƙwazo,
zare biyu baƙaƙe sun gicciye a kan haƙarƙarinsa.
Bai san da ni ba.
Ya cire ƙayar, ya duba ta, ya jefar.

Baba, kai ba ka da madubi.
Naka duk ɗigo ne a nesa, ba harshe, ba diddige,
amma ka naɗe ta shekara arba'in.

Yanzu ran Lahadi nake fita faƙo,
ni da Arzika da butar shayi.
Murfin ya kai huji goma sha ɗaya.
Sa'ade ta karɓe abinta jiya,
ta ce ko ba komai
zai tsane mata taliya.